Godiya ga waɗanda suka tsaya wa horon malamanmu da gidauniyar yara masu galahanga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an kammala horon malamai lafiya, an kuma rufe gidauniyar da muka buɗe wa makarantarmu ta yara masu lalurar galahanga a nan birnin Katsina. A madadin kwamitin makaranta da malamai da iyayen yara, muna miƙa godiya ga duk wanda ya taimaka da dukiyarsa, ko sana'arsa, ko lokacinsa, ko addu'arsa. Ba mu kama sunan kowa ba, domin da yawanku kun roƙi a sakaya, kuma Wanda kuka yi dominsa ya san ku. Allah ya saka da mafificin alheri, ya sanya a mizani.

Sai dai wanda ya ba da amana yana da haƙƙin ya ji abin da aka yi da ita. Don haka ku yi haƙuri da tsawon saƙon.

A bakin mutane, galahanga suna ne da ake laƙaba wa yara iri-iri. Mu abin da muke nufi shi ne wanda likitoci ke kira otizim: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, yakan bayyana tun yaro yana ƙarami, ya taɓa magana da mu'amala da mutane, ya sa yaro maimaita abu ɗaya da ƙin sauyi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma an fi gano shi ga maza. Muna godiya ga likitan da ya zauna da iyaye ya warware wannan dalla-dalla. Ya tuna mana cewa bayan Leo Kanner ya bayyana lalurar a jikin yara 11 a Amurka a 1943, an yi shekaru ana ɗora wa uwaye laifi, wai rashin jan yaro a jiki ne ya jawo, kafin bincike ya rushe zancen. Haka zancen wai allurar rigakafi ce ke jawo lalurar: rubutun da ya tayar da ƙurar a Ingila a 1998 an janye shi a 2010, an kuma hana mai shi aikin likita. Iyayenmu mata da aka daɗe ana yi wa gori a gidan miji, ku kwantar da hankalinku, ba sakacinku ba ne, ba kuma allurar da kuka kai yaron aka yi masa ba ce.

Malamanmu limamai, Allah ya gafarta maku. Sanarwar da kuka yi bayan sallar Juma'a ta kawo gudummawa, amma abin da ya fi kuɗin amfani shi ne kalmar da kuka ƙara: addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Yaron da ya shekara ɗaya da rabi ba ya waiwaya in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya kallon inda aka nuna masa, ko ya fara kiran Mama da Baba sai ya daina, a fara kai shi gwajin ji, sannan likitan yara ya duba shi. Shekarun da ake ɓatawa ana cewa aljanu ne ko ɗan ruwa ne, su ne shekarun da koyarwa ta fi kama yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga masu horarwa da suka baro garuruwansu, mun gode da kuka ƙi mayar da abin lacca. Mafi yawan lokacin an yi shi ne a kan tabarma, ana gwadawa ana gyarawa, kuma abin da aka fi daɗewa a kai shi ne sadarwa da katin hoto, tsarin da Andy Bondy da Lori Frost suka fara a Amurka a 1985. Yana da matakai shida, amma na farkon ne tushe, kuma a nan ake yawan ɓata shi.

Ga yadda yake. Sai an fara gano abin da yaron ke so da gaske, ba abin da malama ke zaton yana so ba: dabino ne, ƙuli-ƙuli ne, ko murfin kwalba da yake jujjuyawa. A ɗauki hoton ainihin abin da waya, a buga shi kamar santimita 5 kowane gefe, a rufe shi da leda. Ana buƙatar mutum biyu. Ɗaya ta zauna gaban yaro riƙe da dabinon, bakinta a rufe. Ɗaya ta zauna bayansa, ita ma shiru. Katin yana ƙasa tsakaninsu. Da yaro ya miƙa hannu zai wafci dabinon, ta bayan ta kama hannunsa ta ɗora kan katin, ya ɗauka, ya miƙa, ya saki a tafin ta gaban. Nan take, kafin ƙiftawar ido, ta gaban ta ce "dabino" ta ba shi. Ɓalli kaɗan za a ba shi, ba guda ba, don a samu damar maimaitawa sau da yawa kafin ya ƙoshi. Kullum ta bayan tana rage taimako: daga riƙe hannu zuwa taɓa gwiwar hannu, daga nan ta janye gaba ɗaya.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Malama ba ta iya jure shiru, sai ta ce "me kake so? ba ni kati." Daga ranar yaro ya koyi jiran umarni, alhali ana so ne ya koyi fara magana da kansa. Ko a yi jinkirin ba shi abin, sai ya kasa haɗa katin da dabinon. Ko a zube masa katuna biyar tun ranar farko, alhali bambance hoto mataki na uku ne. Ko kuma, wanda ya fi ciwo, yaro ya iya a makaranta amma a gida kundin katin yana cikin durowa don kada ya yage. Katin nan bakinsa ne, ba a kulle wa mutum baki a durowa. Ya yage a buga wani, shi ya sa muke buga kowane hoto uku-uku. Ga masu tsoron kati zai hana yaro magana: bincike bai nuna haka ba, wasu yaran ma a nan kalmarsu ta farko ke fitowa, don kullum suna jin sunan abu daidai lokacin da ya shiga hannunsu.

Mai shagon buga takardu da ya rufe mana katunan da leda bai karɓi ladan aiki ba, da telan da ya ɗinka kundayen ya manna masu abin liƙawa irin na bakin takalmin yara, Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Kafintocinmu ma haka. Wataƙila kun yi mamakin dalilin da muka nace a yi allunan raba wuri da ba su wuce kafaɗar yaro a zaune ba sai da kaɗan, kuma aka hana fenti mai walƙiya. Yaron nan komai yana shigar masa ido da kunne lokaci guda, don haka teburin aikinsa yana fuskantar bango mara ado. Aikin da zai yi yana hagunsa cikin kwanduna biyu ko uku, kwandon "an gama" yana damansa. Da ido yake ganin nawa ne aikin, da kuma yaushe zai ƙare. A jikin bango akwai jadawalin yini da hotuna daga sama zuwa ƙasa: gaisuwa, aiki, banɗaki, tara, wasa, gida. In an gama abu ya cire hoton da hannunsa. Ranar da wani abu zai sauya, a nuna masa tun da safe. Kuka da yawa da ake ce wa rigima, tsoron rashin sanin abin da ke tafe ne kawai.

Wannan ya kawo mu ga darasin da ya fi yi wa malamai nauyi, wato ajiye bulala. A makarantar nan ba duka, ba tsawa, ba ɗaurewa, ba kulle yaro a ɗaki. Madadinsu littafi ne mai gida uku: me ya faru kafin, me yaron ya yi, me ya biyo baya, tare da lokaci. Ruwa ba ya tsami banza. In aka yi mako biyu ana rubutawa, sau da yawa dalilin yakan fito da kansa. Yaro yana toshe kunne yana buga kai wajen ƙarfe goma kullum, a duba a ga lokacin ne injin markaɗen maƙwabta ke tashi. Wani sai an tayar da janareta, wani sai ruwan sama ya sauka kan kwano, wani ƙarar fanka ce da mu ba ma ko ji. In kuma yaro yana jefa kwando ne duk sanda aka kawo aiki, aka ɗauke aikin don a samu lafiya, to an koya masa cewa jifa tana biya. Gyaransa a rage aikin, a ba shi katin "hutu" ya riƙa nema da shi. Halin da ya sauya farat ɗaya kuwa, a fara zargin ciwo: haƙori, kunne, ko taurin bayan gida, wanda ya yi yawa ga yaran da ba sa cin komai sai abu ɗaya ko biyu. Idan abin ya riga ya ɓarke, a janye sauran yara, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a rage magana, a jira. Ba a koyar da yaro yana cikin wannan hali. Kaɗa hannu da lilo da jiki kuma, in ba sa cutar da kowa, a ƙyale shi, da su yake kwantar da kansa.

An ware zama guda kan farfaɗiya, don tana yawan haɗuwa da galahanga. In ta tasar wa yaro, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Ba a sa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a yin turare a hanci, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, sai asibiti.

Mai waldan da ya ɗaga sakatar ƙofa inda hannun yaro ba ya kaiwa, ya kuma yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, ka yi aikin da ya fi ƙarfin godiya. Yaran nan sukan fice ba sallama, kuma da yawansu ruwa na jan su. Iyaye, ku duba naku gidajen kafin damina, musamman masu kududdufi a kusa. Masu Napep da ke ɗauko yaran daga Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da sauran unguwanni, mun gode da kuka yarda da sharuɗɗan da wani zai ga kamar fitina: hanya ɗaya kullum, wurin zama ɗaya, babba a bakin ƙofa, ba kiɗa.

Batun kuɗi. 'Yan kasuwa da ma'aikata da ƙungiyoyin mata da suka haɗa adashi guda suka kawo, da wanda ya aiko ɗari biyar ta waya, duk Allah ya mayar da ninki. Wasu sun so a fara da gini, mun fahimce su, don gini ido na ganinsa. Amma kaso mafi girma mun ware shi ne ga albashin mataimakan aji. Kun ga matakin farko na kati kaɗai mutum biyu yake ci a kan yaro ɗaya. Koyar da banɗaki kuma sai an riƙa kai yaro duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, da butarsa da hotunan matakai a bango, ana rubuta lokacin da ya yi. Malama ɗaya da yara goma ba koyarwa take ba, gadi take. Sannan malamar da aka horar, in albashi ya gaza riƙe ta ta tafi, ta tafi da horon, yaron da ya saba da ita kuma ya koma baya. Saura ya tafi ga kayan aji, da tallafin kuɗin makaranta ga marayu da marasa ƙarfi, da kuɗin motar masu horarwa da za su riƙa dawowa suna zama cikin aji suna gyara wa malamai. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Horon 'yan kwanaki in ba bibiya, wata ɗaya ya isa a koma gidan jiya. Rasit na komai yana ofishin makaranta, duk mai son gani ya zo.

Iyaye maza da suka bar kasuwa da ofis suka zauna a zaman iyaye, kun faranta mana rai matuƙa. Nauyin nan ya daɗe a kan uwa ita kaɗai, kuma yaro ba ya koyo in Mama ta ce sai da kati, Baba ya shigo ya miƙa masa don ya yi shiru. A sanar da kakanni da yayye su ma.

Masu unguwanni da jami'an ilimi da suka halarta, ranku ya daɗe, godiyarmu tana tafe da roƙo. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaran nan haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar dominsu. Makaranta ɗaya ba za ta ɗauke yaran Katsina ba, balle na Daura da Funtuwa da ƙauyuka. A turo mana malaman firamare su zauna a ajinmu su gani, ƙofa a buɗe take. Mu ma burinmu mu tura malama ɗaya ko biyu su yi karatun ilimi na musamman, irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos da kwalejin tarayya ta Oyo. Wannan kuɗin gidauniya bai kai gare shi ba, haka ma silin da zai rage ƙarar kwano da zafin bazara a aji biyu.

Da yawa kun nemi kawo ziyara, muna maraba. A sanar da ofis kwana ɗaya kafin zuwa don a sa hoton "baƙo" a jadawalin yara. Kada a wuce mutum biyu a aji, a rage turare mai ƙarfi, kada a taɓa yaro ko a tilasta masa gaisuwa, kada a raba alewa sai ta hannun malama. Ɗaukar hoto ko bidiyon yaran don sakawa a Facebook ko WhatsApp kuwa, ba a yi sai da izinin iyayensu a rubuce.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin makaranta, Katsina.