Daren da masu jita suka yi gayya a Asheville

Tikitin taron kiɗan Christmas Jam na garin Asheville, a Amurka, tun farko ba nawa ba ne. Na matar wani abokin aikina ne, wani dattijon Bature da muke aikin dare tare a Greensboro. Tun tsakiyar mako gidajen talabijin suke ta gargaɗi cewa dusar ƙanƙara mai yawa na tafe, har gwamnan jihar North Carolina na lokacin, Roy Cooper, ya kafa dokar ta-ɓaci. Matar ta ce ita kam ba za ta hau tsauni a wannan yanayi ba. Shi kuwa ya ce shekara goma sha bai taɓa fashi ba, kuma shekarar nan, 2018, ita ce cikon shekara 30 na bikin. Ya san ina son jita, domin sau da yawa ya tarar da ni a mota lokacin hutu ina sauraren Bombino, mai jitar nan ɗan Nijar, shi ya sa ya miƙo mini tikitin.

Na yi kwana biyu ina jujjuya maganar. Sunan taron Christmas Jam, ni kuwa Musulmi ne ɗan Maraɗi, kuma ban saba shiga abin da ban san ƙarshensa ba. Na tambaye shi kai tsaye ko akwai wata ibada a ciki. Ya ce babu, kiɗa ne zalla, an sa shi a Disamba ne saboda lokacin ne mawaƙan garin da ke yawon duniya suke komowa gida hutu, kuma kuɗin da aka samu gidaje ake gina wa marasa ƙarfi da shi. Maganar gidajen ce ta kama ni. Na kira yayana da ke Yamai, na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ƙanena, ka je ka gani da idonka. Amma ka yi sallarka kafin ka shiga." Na ce, "In sha Allahu, Yaya."

Mun tashi ranar Asabar, 8 ga Disamba, 2018, bayan azahar, muka bi babbar hanyar I-40 zuwa yamma. Tafiyar ba ta cika awa uku ba. Daga garin Old Fort hanya take fara hawa tsaunukan Blue Ridge tana lanƙwasa, kunne yana toshewa. Sama ta yi toka-toka, irin duhun da a gida za ka ce hadari ne ya haɗu, sai dai babu iska babu tsawa, sanyi ne kawai mai shiga ƙashi. A hanya ya ba ni tarihin abin. Warren Haynes, mai gayyar, haifaffen Asheville ne, a 1960 aka haife shi. A 1988 ya tara abokansa mawaƙa a wani ƙaramin kulob na garin suka yi wasa, suka ba da abin da aka tara sadaka. Shekara guda bayan nan ya shiga ƙungiyar Allman Brothers Band, a 1994 kuma ya kafa tasa, Gov't Mule. Sunansa na girma, taron na girma, har ƙananan wurare suka yi masa kaɗan aka koma babban zauren garin, wanda ke ɗaukar mutum dubu bakwai da wani abu.

Masaukin da muka kama yana bayan gari, domin na tsakiyar gari sun cika, waɗanda suka rage kuma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. A nan na yi magariba, na jira isha ta shiga na yi, sannan muka fita. Da wuri rana take faɗuwa a can cikin Disamba, wannan ya taimake ni. Abin da ban yi ba shi ne cin abinci mai nauyi, kuma na gane kurena wajen sha ɗayan dare, lokacin da na tsaya a layi mai tsawo na ƙare da soyayyen dankali kaɗai, don shi ne abin da zuciyata ta natsu da shi.

Ƙarar ce ta fara tarbata. Na san wasan jita na bikin aure a Yamai, inda ake jawo waya daga gidan maƙwabta a jona lasifika biyu a kan titi, ƙura na tashi, samari na rausaya. Wannan daban ne. Kiɗan ba a kunne kake jinsa ba, a ƙirji yake dukanka, har rigarka tana rawa. Dattijon ya zaro wasu 'yan robobi masu laushi daga aljihu ya ba ni, ya nuna kunnensa. Na ƙi sawa, ina ganin kamar zan rage wa kaina daɗi. Bayan awa guda na sa su, sai na ji ashe sun tace hayaniyar ne, jitar ta fito sarai. Awa gudan nan da na yi babu su kuwa, sai da kunnena ya yi kwana biyu yana kuka.

Giya na yawo a kofunan roba ta ko'ina, wannan ba zan ɓoye ba, kuma warinta ya dame ni da farko. Amma babu wanda ya matsa mini. Wata mata da ke gefena ta ga ba na sha, da ta je sayo nata sai ta taho mini da ruwan gora, ba ta ce komai ba.

Yadda aka tsara daren shi ne abin da ban taɓa gani ba. Manyan sunaye ne a jere, kowanne shi kaɗai zai iya cika zauren: Joe Bonamassa, wanda tun yana shekara 12 ya buɗe wa shahararren mai jita B.B. King wasa, Jim James na ƙungiyar My Morning Jacket, Eric Church, mawaƙin kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, ɗan jihar, wanda jama'a suka tarba kamar ɗansu ya dawo daga tafiya, da Dave Grohl, makaɗin gangunan ƙungiyar Nirvana wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Foo Fighters. Na ɗauka kowa zai hau ya yi nasa ya sauka a tafa masa. Ashe dandamalin kamar zauren gidan mai unguwa yake, ana shiga ana fita. Kana kallon wani yana tsakiyar waƙarsa, sai ka ga wani ya ɓullo daga gefe da jita a wuya, an jona masa waya, sun haɗa ido, an ɗora.

Ni dai Warren Haynes na riƙa bi da ido. Mutum ne mai jiki, mai dogon gashi, ba ya tsalle ba ya guje-guje. Taron nasa ne, garin nasa ne, da ya ga dama da ya tsaya a gaba daren nan duka. Amma in ya fito wa baƙo, sai ya tsaya ɗan baya kaɗan, ya sunkuyar da kai yana saurare. In baƙon ya jefo wata gaɓa da jitarsa, shi sai ya amsa da tasa, gajeriya, ya bar masa fili. Yana da wani ɗan bututu da yake sa wa a yatsa yana goga shi a kan tsirkiya, sai jitar ta riƙa jan murya kamar mutum na kuka, kusan irin muryar goge. Da wannan yake amsawa. Na tsaya ina tunanin 'yan amshi a gida, yadda waƙar babban mawaƙi ba ta tsayuwa sai da su, kuma yadda ba a cika ganin ubangidan ya koma cikin 'yan amshi don wani ya ja baki ba. A nan na ga mai gida ya zama ɗan amshin baƙonsa, ba sau ɗaya ba, kuma fuskarsa cike da jin daɗi.

Abin da mutane da yawa suka zo dominsa shi ne Dave Grohl. A watan Agustan shekarar ya fitar da wani kiɗa mai suna Play, minti 23, babu waƙa ko baiti guda, kuma shi kaɗai ya kaɗa kayan kiɗa bakwai da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa. A daren nan ne karo na farko da aka yi shi a gaban jama'a. Tunda mutum ɗaya ba zai rabu bakwai ba, sai ya zauna a kan ganguna ya raba wa abokansa sauran. Ban san kiɗan ba kafin ranar, kuma gaskiya mintunan farko sun yi mini nauyi, ina jiran murya ba ta zo ba. Daga baya na daina jira, na koma kallon hannuwansa. Yana dukan gangunan nan kamar mai sussuka, gashi ya rufe masa fuska, zufa na tsartuwa a cikin hasken fitila.

Can tsakiya sai aka shigo da wata mata mai cokula. Zauren ya ɗauka da ihu tun kafin ta zauna, ni kuwa ban gane dalili ba sai da dattijon ya yi mini ihu a kunne cewa 'yar garin ce, a bakin titi take wasa, ana kiranta Abby the Spoon Lady. Cokulan cin abinci ne na ƙarfe, guda biyu, ta haɗa bayansu tana kaɗa su a tafin hannu da cinya da yatsu. Duk tarin lasifikan nan aka sassauta saboda ita. Grohl ya buga, ta amsa, ya ƙara sauri, ta bi shi ba ta saki ba. Mutumin da ya yi wasa a manyan filayen ƙwallo na duniya yana kallon mai cokula yana dariya kamar yaro. Ni kuwa sai ga ni a tsakar gidanmu ranar sunan ƙanwata, mata sun kife ƙwarya a kan ruwa suna kaɗawa, Inna na guɗa. Shekara shida ke nan rabona da gida a lokacin. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

Na ɗauki bidiyo kusan goma a farkon daren. Da na duba daga baya, ba komai a ciki sai hasken da ya fashe da ƙara marar kan gado. Lokacin mai cokula wayar na aljihu, kuma shi ne abin da na fi tunawa dalla-dalla.

Tsayuwar ba wasa ba ce. Mu a ƙasa muke, inda babu kujeru, kuma an fara tun farkon dare ba a tashi ba sai da tsakar dare ta wuce da nisa. Na sa takalmin fita kunya mai tsini, dattijon ya sa tsohon takalmin aikinsa. Wajen ƙarfe ɗaya na gane wanda ya fi ni wayo. Rigar sanyi mai kauri ma ta zame mini kaya, domin a ciki zafi ake, sai ɗaure ta na yi a ƙugu.

Da muka fito, garin ya canza. Dusar ƙanƙara na sauka shiru, ta rufe motoci da titi da rassan itatuwa, kuma bayan awanni na ƙara shirun nan har nauyi yake yi a kunne. Tafiyar minti goma sha biyar zuwa masauki ta ɗauke mu kusan awa guda, mota na zamewa, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da gari ya waye dusar ta kusa taku guda. Babu maganar komawa Greensboro, can ma haka ta zuba. Muka ƙara kwana, muka biya kuɗin da ba mu shirya ba, abincinmu biskit da gyaɗa daga injin da ke bakin matakala. Sai ranar Litinin muka ji cewa su ma mawaƙan dusar ta tsare su, kuma a daren Lahadi Grohl da Haynes sun shiga wani ƙaramin kulob a tsakiyar gari sun yi wa waɗanda suka iya takowa da ƙafa wasa. Dattijon ya daɗe bai yi magana ba. Da mun ƙara kuɗi kaɗan mun kwana a cikin gari, da muna ciki.

Kafin mu kama hanya ya ce sai ya nuna mini wani abu. Ya bi da mu ta wata unguwa a yammacin garin, a hankali, don ba a gama share titunan ba. Ƙananan gidaje ne a jere, masu baranda, yara na wasa da dusa a ƙofar wani. Ya ce ƙungiyar Habitat for Humanity ce ta gina su, kuma ita ce ke karɓar kuɗin wannan taro shekara da shekaru. An kafa ta a jihar Georgia a 1976, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ma ya daɗe yana zuwa da gudumarsa yana aiki a gine-ginenta. Gidan ba kyauta ake bayarwa ba. Wanda zai shiga sai ya zuba awanni na guminsa a aikin ginin, nasa da na wasu, tare da 'yan sa-kai, sannan ya riƙa biya a hankali daidai ƙarfinsa. Na ce masa ai mu muna da sunan wannan, gayya muke ce masa, ranar da unguwa ke fita gonar mutum ɗaya ko yaɓen ɗakinsa, makaɗi na biye da su yana zuga. Ya sa na maimaita kalmar sau uku har ya iya faɗa.

A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta afka wa Asheville, kogin French Broad da na Swannanoa suka yi ambaliya, ruwa ya ci unguwanni, garin ya yi makonni babu ruwan famfo mai tsabta. A shekarar ba a yi taron a can ba. Haynes da Dave Matthews da wasu sun yi wasan tara agaji a Madison Square Garden na New York a watan Nuwamba. Dattijon ya riga ya yi ritaya a lokacin. Ya kira ni wata safiya, ya ce ya cika bayan motarsa da ruwan gora da barguna, an buɗe hanyar Old Fort, ko ina da hutu ranar Asabar. Ya ce, "Gayya." Na ce ya biyo ta gidana bayan asuba.