Ƙofar da aka rufe mini sau huɗu

A farkon 2013 na fara aikin wayar da kan iyaye game da rigakafin shan inna a unguwarmu da ke gefen birnin Kano. Mai unguwa ne ya ba da sunana, domin ana son mace 'yar unguwa, wadda aka saba gani a gidan suna da gidan makoki. Asusun UNICEF ne ya horar da mu. Aka ba ni shuɗin hijabi da littafin hotuna, da rajistar da zan rubuta sunan duk yaron da bai kai shekara biyar ba a gidajen da ke hannuna.

Ban cika wata guda ba, ranar 8 ga Fabrairu, aka harbe masu aikin rigakafi tara a cikin Kano, mata irina. Mahaifiyata ta ce in mayar musu da hijabinsu. Na yi kwana uku ban leƙa ko zaure ba. Abin da ya fito da ni ƙanwata ce, wadda cutar ta shanye wa ƙafar hagu tun tana goye. Ni na riƙa goya ta zuwa makarantar allo har ta yi mini nauyi. Na san abin da ɗigo biyu a baki ke karewa, ba labari aka ba ni ba.

Akwai wani gida a layin bayan masallaci, gidan wani dattijo mai sayar da itace, yara bakwai ne a ciki 'yan ƙasa da shekara biyar. Zagaye huɗu a jere muna zuwa, ana ce mana maigida ya hana. Mai riƙe da alli ta rubuta alamar ƙi a jikin bango, mu wuce. A zuwa na biyar na je ni kaɗai da la'asar, ba akwatin magani, na same shi yana faskare. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, yau ba ɗigo na kawo ba. Laifinmu na zo ji."

Ya ajiye gatarin ya dube ni. Ya ce, "'Yar nan, da daminar bara zazzaɓi ya ɗauke mini jika, babu wanda ya yi mini sallama da ko ƙwaya ɗaya. Tuƙa-tuƙar unguwar nan shekara guda ke nan a mace, jarka muke saye wurin 'yan garuwa. Amma wannan ɗigon kuna bin mu da shi har ɗaka, kyauta, wata bayan wata. Ke ki faɗa mini, me ya sa shi kaɗai?"

Ba ni da amsa a ranar. A horon da aka ba mu an shirya mu sosai kan jita-jitar hana haihuwa, wadda ta sa Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 har sai tsakiyar 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. An nuna mana yadda wannan tsaikon ya sa cutar ta bazu, har Najeriya ta samu yara sama da 1,000 da suka shanye a 2006 kaɗai. Amma Baba bai ce mini komai kan haihuwa ba. Maganarsa ita ce ana zuwa da abin da masu kawowa ke so, ba a tambayar abin da masu gida ke nema. Da na koma na duba rajistata, na ga yawancin gidajen da ke ƙi irin wannan ƙorafin ne a bakinsu: ruwa, magudanar da ta toshe, asibitin da za ka je a rubuta maka takarda a ce ka tafi kemis.

Kowace rana ta zagaye akan yi taron yamma a mazaɓa, kowa ya kawo lissafin yaran da aka samu da waɗanda aka rasa. Da can adadi kawai nake faɗa. Daga ranar na fara faɗin dalili, da kalmomin masu gidan.

A daidai lokacin ne abubuwa ke sauyawa daga sama, kodayake mu na ƙasa ba mu fahimci girman abin ba sai daga baya. A ƙarshen 2012 gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Ɗangote da Gidauniyar Bill da Melinda Gates kan allurar rigakafi ta yau da kullum. Tsarin shi ne kowa ya zuba kasonsa a asusu ɗaya, kason gwamnati yana ƙaruwa kowace shekara har ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. Abin da ya iso wurinmu daga wannan takarda shi ne firji mai amfani da hasken rana a ƙaramin asibitin unguwa, da motar da ke kawo magani har ƙofa maimakon ma'aikaciya ta hau babur da kuɗinta ta je ɗaukowa. Kafin nan sau nawa na rako mai jego awo aka ce mu dawo mako mai zuwa, allura ta ƙare. Macen da aka mayar sau biyu ba ta dawowa na uku. A 2014 kuma aka fara kafa rumfar duba marasa lafiya a lokacin zagaye, ana ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da gishirin gudawa, da sabulu. Rabin tambayar Baba ta samu amsa.

Sauran rabin, wato ruwan, babu shi a kasafin kowa. A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Wani jami'i ya ce mini za a duba maganar tuƙa-tuƙar, ni kuma don ɗoki na je na ce wa Baba mako mai zuwa za a gyara. Wata uku suka wuce ba a ga kowa ba. Idan na gaishe shi sai ya amsa yana kallon itacensa. Na koyi cewa kada in sake ɗaukar alkawari da bakin wani, domin jami'in an canja masa wurin aiki, ni kuwa ina nan, layinmu ɗaya da mutumin.

Na je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, idan muka jira za mu daɗe." Ya tara liman da shugabar adashin mata da 'yan kasuwar bakin titi a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i. Akwai wani Alhaji mai kantin kayan masarufi da ke sayar da ƙanƙara. Ya ce shi ba zai ba da kuɗi a hannu ba, ya taɓa bayarwa bai ga inda suka shiga ba, amma zai sayo bututu da robobin famfon da kansa ya kawo rasit. Mai walda ya ce aikin hannunsa kyauta ne. Matan adashi suka ɗauki kuɗin makaniken da zai zaro bututun. Liman ya sa sharaɗi ɗaya: duk abin da aka karɓa da abin da aka kashe a rubuta a liƙa a bangon masallaci. Kwana tara ruwa ya fito.

Alhajin nan bai tsaya nan ba. Maganin shan inna ba ya jure zafi. A jikin kowace kwalba akwai ɗan murabba'i fari a tsakiyar da'ira, idan ya yi duhu ya saje da da'irar to maganin ya lalace, sai zubarwa. A watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan tsakar ka, ƙanƙarar akwatinmu kan narke kafin azahar. Sai ya ware mana lungu guda a firjinsa, janaretansa na aiki, mu biya da rana mu sauya robobin ƙanƙara. Ba a taɓa rubuta sunansa a wani rahoto ba. A ganina yana cikin wannan haɗin gwiwar daidai da manyan da suka sa hannu a takarda, domin maganin da suka saya da firjinsa ya kai la'asar da ransa.

Ba duk abin da aka kawo ne ya yi mini daɗi ba. Rabon sabulu da alewa ya jawo yara, amma ya koya wa wasu gidaje ciniki. Sai ka ji an ce ba sabulu, ba ɗigo. Gyaran famfon bai haifar da haka ba, ina jin saboda kuɗin mutane da guminsu na ciki, babu wanda ya ɗauke shi a matsayin ladan buɗe bakin yaro. Na kuma ga cewa maganar da ta fi shiga kunne ba tawa ba ce. Idan 'yan ƙungiyar waɗanda cutar ta nakasa suka biyo mu a kan kekunansu na hannu, wani ya ce wa maigida, "Yaya, dube ni da kyau," gardama takan ƙare a nan. Unguwarzoma da wanzami kuwa su ke fara sanin an haihu, tun kafin ranar suna labari ya iso rajistata.

Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a Sumaila ne, a watan Yulin 2014. Daga yara 122 a faɗin ƙasa a 2012 aka sauko zuwa 6 a 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Akwai sauran wani nau'in da ke yawo a inda yara ba su samu cikakken rigakafi ba, shi ya sa har yanzu ake fita.

Baba kuwa bai taɓa ce mini ya sauya ra'ayi ba. Zagayen da ya biyo bayan gyaran famfon, muna shiga layin na hango shi zaune a kan kututture, yara bakwai a jere a gabansa. Ya ce wa mai ɗigon ta fara nuna masa kwalbar. Ya juya ta, ya duba murabba'in nan da na taɓa yi masa bayani, ya ga fari ne. Sannan ya ɗauki ƙaramar cikinsu ya ɗora a cinyarsa, ya buɗe mata baki da kansa, ya miƙo ɗan yatsanta na hagu aka shafa tawada.