Tiyatar Mohs: darussa daga fallen gilashi

Mai koyon tiyatar Mohs, wata hanyar cire sankarar fata, yakan zaci gwanintar tana ga wuƙa, har sai ya zauna gaban madubin likita ya ga yadda fallen gilashi ɗaya mara kyau, wanda ake ɗora yankan nama a kai don dubawa, ke ɓata aikin yini guda. A yankan da aka saba yi wa sankarar fata, ana cire ƙarin tare da milimita 4 zuwa 6 na lafiyayyar fata, ɗakin gwaji ya yayyanka shi kamar burodi, ya duba wasu daga cikin yankan. Abin da ido ke gani na ainihin gefen naman da aka cire bai fi kashi 1 cikin 100 ba. Sankarar basal, wani nau'in sankarar fata wadda ke miƙa saiwa a ƙarƙashin fata, tana iya sulalewa ta tsakanin yanka biyu. Hanyar Mohs tana shimfiɗa gefe da gindin naman a fuska ɗaya, a duba su gaba ɗaya.

Frederic Mohs ya fara wannan aiki a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1936, yana shafa man zinc chloride ya busar da naman a jikin majiyyaci kafin ya yanka. Akwai zafi, kuma aikin yakan ci kwanaki. A 1974 Tromovitch da Stegman suka nuna cewa ɗanyen nama da aka daskarar yana ba da sakamako mai kyau, shi ya sa yau ake gamawa a ɗinke a rana ɗaya.

Ana kashe wurin da lidoken kashi 1 cikin 100 haɗe da adirenalin, a karce ƙarin da ake gani, sannan a zagaye shi da milimita 1 zuwa 2. Ana karkata wuƙa kimanin digiri 45 domin gefen ya kwanta daidai da gindi. Kafin a ɗaga naman, sai a yi ɗan tsagi a jikinsa da jikin fatar da ta rage, galibi a saitin ƙarfe 12 na fuskar agogo, a zana taswira, a shafa wa gefuna tawada kala daban-daban. Injin daskarewa, a sanyin digiri 20 zuwa 25 ƙasa da sifiri, yana fitar da yanka mai kaurin maikuron 4 zuwa 6 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya). A rina, likitan da ya yi yankan ya duba da kansa, ya yi alama a taswira inda saura yake, ya koma can kaɗai. Kowane zagaye yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, yawancin ƙari kuma suna ƙarewa a zagaye ɗaya ko biyu.

Inda ake tuntuɓe kusan kullum wuri ɗaya ne. Idan saman fata bai kwanta ba, wani sashe na gefen ba zai bayyana a gilashi ba, kuma abin da ba a gani ba ba za a ce masa tsaftatacce ba. Kitse ba ya yankuwa sai an ƙara masa sanyi, in ba haka ba sai ya bar rami a tsakiya, daidai wurin da sankara mai zurfi ke fakewa. A sake yanka, ko a ɗauko wani ɗan nama daga wurin. Idan mai aikin injin ya ci naman da yawa kafin ya ɗauki yankan farko, zai shiga cikin ƙarin, a ga sankara inda gefe lafiya yake, a yanke wa mutum hanci a banza. Tushen gashi da aka yanka a gicciye yana kama da sankarar basal, tarin ƙwayoyin kumburi kuma yana iya rufe sankarar sukwamas, wani nau'in sankarar fata na daban. Mafi muni shi ne juya naman ko musanya tawada: likita zai koma dama alhali saura na hagu. Saboda haka ƙwararren mai aikin injin rabin tiyatar ne, ko da ba sunansa ake kira ba.

Game da sakamako, binciken da ya fi cancanta a riƙe shi ne na Maastricht a ƙasar Holan, inda aka raba masu sankarar basal ta fuska da ƙuri'a. Bayan shekara 10, ciwon ya dawo a kashi 4.4 cikin 100 na sababbin ƙari da aka yi wa Mohs, da kashi 12.2 a yankan da aka saba. A waɗanda suka taɓa dawowa, kashi 3.9 ne da 13.5. Fiye da rabin sababbin ƙarin da suka dawo sun yi hakan ne bayan shekara 5, don haka duk rahoton da ya tsaya a shekara 3 ko 5 yana ƙawata lissafi. Wani bincike a Amurka na 2013, kan tiyata sama da 20,000, ya samu matsala a ƙasa da kashi 1 cikin 100, yawanci ƙwayar cuta a rauni, buɗewar ɗinki ko zubar jini.

Yawan yin ta ya ƙaru sosai a Amurka, har a 2012 ƙungiyoyin likitocin fata suka fitar da ƙa'idar inda ta dace: kewayen ido, hanci, leɓe, kunne, hannu, al'aura, ƙari mai dawowa, da masu raunin garkuwar jiki. Ƙaramar sankarar basal ta saman fata a gadon baya ba ta buƙatar wannan ɗawainiya. An kuma faɗaɗa ta zuwa sankarar melanoma ta saman fata ta hanyar rini na musamman, MART-1, domin rinin yau da kullum ba ya fito da waɗannan ƙwayoyin sarai a daskararren nama.

A ƙasar Hausa, waɗanda abin ya fi shafa su ne zabiya, da sankarar sukwamas ke kamawa a fuska da kunne tun suna samari, sai masu tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya rikiɗe. Inda babu injin daskarewa, ana iya bin tsarin da likitocin Tübingen a Jamus suka yaɗa: a yi tsagi da tawada da taswira, a saka gefe da gindi a kakin farafin, a rufe raunin da bandeji, a jinkirta ɗinki kwana ɗaya ko biyu har sakamako ya fito.