Yadda gudun asuba ya sauya mini lissafin kwanakin al'ada

Mace Musulma ba ta sakaci da lissafin kwanakin al'adarta, domin sallarta da azuminta sun rataya a kansa, shi ya sa ban daɗe ba na gane cewa nawa lissafin ya fara karkacewa. Shekara da shekaru tazarar da ke tsakanin zuwan jini da na gaba ba ta wuce kwana 29 ko 30 a wurina, amma 'yan watanni bayan na shiga sahun masu fita motsa jiki da sassafe a Dandalin Murtala da ke Kaduna, sai ta koma 35, daga nan ta haura 40. Gwajin ciki ya nuna babu komai. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne ciwon marar da na saba fama da shi tun ina budurwa ya lafa, har na ɗauka wannan ma yana cikin ribar gudun.

Likitar da na gani ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Bayan ta sa an ɗebi jinina, sai ta tambaye ni: "Hajiya, me kike ci kafin ki fita, me kuma kike ci idan kin dawo?" Na ce ruwan ɗumi da lemon tsami kafin fita, shayi ba sukari bayan dawowa, tuwon dare kuwa na yi sallama da shi saboda ina son rage tumbi. Ta ajiye biro ta ce, "To ai ga amsar a bakinki."

Bayanin da ta yi mini, wanda na bi diddiginsa daga baya, ya nuna cewa ragamar al'ada tana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan sashe a can da ke sakin sinadari a kai a kai, kamar ɗigar ruwa daga famfo, kuma wannan ɗigar ce ke tayar da sinadaran da suke umartar ƙwai ya nuna ya fito. Idan jiki ya ga abincin da ke shigowa bai kai aikin da ake ɗora masa ba, sai ya fara tsimi, kuma haihuwa tana cikin abubuwan da yake fara jinginewa. Ɗigar ta ragu, fitar ƙwai ya yi jinkiri. Da yake kwanakin da ke bin bayan fitar ƙwai ba su cika wuce mako biyu ba, duk jinkirin da aka samu kafin fitarsa kai tsaye yake tsawaita watan. A wasu matan akasin haka ake fara gani, wato kwanakin bayan fitar ƙwan su gajarce, jini ya riƙa zuwa da wuri. Idan gibin ya ci gaba, al'adar takan ɗauke ɗungurungum. Likitocin mata suna ɗaukar tazarar kwana 24 zuwa 38 a matsayin daidai, kuma ɗaukewar jini na wata 3 ga wadda ba ta da ciki ba ta kuma shayarwa, dalili ne na zuwa asibiti.

An daɗe ana ɗora laifin a kan wahalar atisaye ita kanta, har sai da Anne Loucks ta Jami'ar Ohio a Amurka ta rarrabe tsakanin wahala da yunwa. Gwaje-gwajenta sun nuna cewa idan aka mayar wa mace gurbin abin da ta ƙona da abinci, sinadaran ba sa rikicewa sosai duk da atisayen. A aikin da ta fitar a 2003 kuwa, rikicewar ta bayyana cikin kwana 5 kacal a lokacin da abin da ya rage wa jiki bayan atisaye ya gaza kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 30 a rana ga kowane kilo na nauyin da ba kitse ba. Na yi wa kaina lissafin a bayan takardar asibiti. Mace mai kilo 60 da kitse ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta tana da kilo 45 da ba kitse ba, don haka iyakarta kalori 1,350 ne. Idan ta ci 1,700 ta ƙona 500 a fili, saura 1,200, ta faɗa ƙasa da iyakar ke nan alhali a ganinta ba ta kwana da yunwa ba. Ba kowane jiki ne yake bin wannan adadi sau da ƙafa ba, amma ya isa ya nuna yadda gibin yake da sauƙin aukuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun ƙashi. Sinadarin istirojin, wanda yake raguwa idan al'ada ta ɗauke, shi ne yake kare ƙashin mace, kuma tun a 1984 Barbara Drinkwater ta nuna cewa 'yan wasan da jininsu ya ɗauke ƙashin bayansu bai kai na takwarorinsu ƙwari ba. A 2019 'yar tseren Amurka Mary Cain ta bayyana cewa matsin lambar rage nauyi ya sa ta yi shekara 3 ba ta ga al'ada ba, ta kuma karye a ƙasusuwa 5. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan ƙarancin kuzari a 2014, inda ya nuna cewa maza ma ba su tsira ba. Ni dai ina ganin kuskure ne a keɓe zancen ga masu sanye da kayan wasanni, domin matar da ta wuni tana daka da ɗibar ruwa da aikin gona a kan kofin koko ɗaya jikinta bai san bambancin gona da filin wasa ba. Haka nan mai haɗa atisaye mai tsanani da azumi, gara ta mayar da shi bayan buɗa-baki.

Jinin da aka ɗiba kuwa don a kawar da sauran dalilai ne: matsalar ƙululun wuya mai haddasa maƙoƙo, hauhawar sinadarin da ke samar da nono, da larurar nan mai haɗa rikicewar al'ada da ƙuraje da tsirowar gashi a haɓa. Allurar tazarar haihuwa da ɗan abin da ake sakawa a dantse su ma suna sauya kwanaki, haka damuwa da rashin barci da kusantowar shekarun daina haila.

Ciwon mara tasa hanyar daban ce. Lokacin da rufin cikin mahaifa zai zube, yakan saki sinadarin furostagilandin, wanda yake sa mahaifa ta murɗe har jinin da ke isa ga tsokarta ya ragu, wannan ne murɗawar kwana ɗaya zuwa uku da muka sani, wani lokaci da tashin zuciya ko gudawa. Irin wannan ciwo ya fi zuwa a watan da ƙwai ya fita, saboda haka lafawar da na yi murna da ita mai yiwuwa alama ce ta cewa ƙwan ya daina fita. Motsa jiki matsakaici yana rage ciwon ga mata da yawa, haka gasa mara da ruwan ɗumi, kuma ibuprofen yana aiki ne ta hanyar hana samar da wancan sinadari, shi ya sa ya fi amfani idan an sha da zarar ciwon ya soma. Sai dai bai dace da mai gyambon ciki ba, kuma shansa kafin dogon gudu cikin zafi da ƙishirwa yana wahalar da ƙoda. Ciwon da ya ɓullo sabo bayan shekaru, ko yake ƙaruwa wata bayan wata, ko ya zo da zubar jini mai yawa ko zafi lokacin saduwa, wannan ba na atisaye ba ne. Yana iya zama ƙari a mahaifa, ko ciwon sanyi, ko tsirowar irin naman cikin mahaifa a wajenta, larurar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa.

Ban daina gudu ba. Na rage shi daga kwana shida zuwa huɗu a mako, ina cin dabino da ayaba kafin fita, ƙosai da koko ko ƙwai da burodi idan na dawo, tuwon dare kuma ya koma mazauninsa. A wata na uku tazarar ta sauko zuwa kwana 31, ciwon marar ma ya dawo tare da ita, na sake neman robar ruwan zafin da na riga na jefa a ƙasan akwati.