Kufai ma da masu shi

A shekarata ta uku a jami'a, malaminmu na ilimin kufai ya ba ni aikin rubutu a kan mutanen Pueblo, 'yan asalin kudu maso yammacin Amurka. Na zage na zuba bayani: gidajen da aka gina a kogon dutse a Mesa Verde, da Pueblo Bonito na kwarin Chaco mai ɗakuna sama da 600, da matsanancin farin da ya kama yankin daga 1276 zuwa 1299. Na rufe da cewa wajen shekarar 1300 mutanen "sun ɓace". Da takardar ta dawo, sai na tarar jan biro ya zagaye kalmar, a gefe kuma Malam ya rubuta: "Zuwa ina?"

Haushi ya kama ni, don haka na gani a littattafai da dama. Da na sake zama na bincika, ashe ƙaura suka yi. Wasu sun gangara kwarin kogin Rio Grande, wasu sun haɗu da ƙabilun Hopi da Zuni. Jikokinsu na nan da ransu, garuruwa 19 a jihar New Mexico kaɗai. A Taos, ɗaya daga cikin garuruwan, har yau ana zaune cikin benayen ƙasa, ana sake musu yaɓe kamar yadda muke yi wa namu soraye kafin damina. Mutanen Pueblo ne kuma a 1680, ƙarƙashin jagorancin Popé, suka fatattaki Sifaniyawa har na tsawon shekara 12. Wanda ya ɓace ba ya korar kowa.

Wani abin da ya ƙara kunyata ni shi ne sunan "Anasazi" da na yi ta kiran kakanninsu da shi. Kalma ce ta harshen Navajo, wata ƙabila maƙwabciyarsu, ana fassara ta da "kakannin abokan gaba", kuma masu abin ba sa son ta. Na ma ɗauke su ƙabila ɗaya, alhali Bazune da Bahope ba sa jin harshen juna. Mutanen Jemez kuwa, wani garin Pueblo, ba su yarda a rubuta harshensu na Towa ba. Da farko na ga asara ce. Yanzu ina ganin mai kaya shi ke da ikon abin da zai nuna wa baƙo.

Labarin Pecos, wani tsohon garin Pueblo, ne ya fi tsaya mini a rai. Daga 1915 masanin kufai Alfred Kidder ya yi ta tono a can, aka kwashe ƙasusuwan mutum kusan 2,000 zuwa jami'ar Harvard. Ragowar mutanen Pecos sun koma Jemez tun 1838, suna sane da kakanninsu. Bayan dokar 1990 da ta tilasta mayar da irin waɗannan gawarwaki, aka dawo da su a 1999, mutanen Jemez suka taka da ƙafa har Pecos don a sake binne su.

Na sake rubuta aikin daga farko. A wannan karon da Jemez na fara.