Gurbin da aka bari fanko ba sifili ba ne

Duk wanda ya taɓa tattara bayanan bincike a ɗakin kulawa ta musamman ya san ma'aunin SOFA, mai auna yadda gaɓoɓin majinyaci ke gazawa: huhu, daskarewar jini, hanta, zuciya da jijiyoyin jini, ƙwaƙwalwa, ƙoda. Kowanne maki 0 zuwa 4, jimilla 24. Tun 2016, ƙarin maki 2 ga mai ɗauke da ƙwayar cuta shi ne shaidar gaɓoɓi sun fara gazawa. Darasin da ya fi ciwo kuwa yana cikin gurbin da ba a cike ba.

An saba cewa idan ba a yi gwaji ba, a ɗauka gaɓar lafiyarta ƙalau, a rubuta sifili. Inda ake ɗibar jini kowace safiya, ɓarnar kaɗan ce. A nan kuwa dangi ne ke biyan kuɗin gwaji. Wanda aka auna masa bilirubin, gwajin aikin hanta, shi ne wanda ɗan'uwansa ya samo kuɗi, wanda ya cika cikin awa shida kuma ko jininsa ba a kai ga ɗiba ba. Sai ka ga mamaci da maki 3, wanda aka sallama da maki 9, lissafi ya fito a kife. Babba a ƙungiyar binciken zai ce a zuba sifili, haka ake yi a Turai. Ranar da mujalla ta dawo da takardar, na ƙasa ne zai sha tambaya.

Gyaran ba wuya. A rubuta "ba a yi ba" tare da dalili: kuɗi, wuta, ko rasuwa. A yi lissafi sau biyu, ɗaya da mafi kyawun zato, ɗaya da mafi muni, a bayyana duka. Sannan a nemi abin da ba ya cin kuɗi. Fitsari ƙasa da mililita 500 a awa 24 maki 3 ne, ƙasa da 200 maki 4, muddin an rubuta lokacin da aka zubar da jakar fitsarin. Kiriyatinin, gwajin jini na aikin ƙoda, kan makara kwana ɗaya ko biyu kafin ya nuna matsala, ƙarin ruwa kuma yana tsarma shi. Idan babu gwajin iskar jini, na'urar yatsa mai auna iskar oksijin ta wadatar kamar yadda aka yi a wani bincike a Kigali ta Ruwanda, amma sai ta nuna kashi 97 ko ƙasa. Sama da haka lissafin ba ya aiki.

Makin Gilasgo, ma'aunin farkawar majinyaci, na kafin a ba da maganin barci ake ɗauka, in ba haka ba duk wanda aka sa barci mai nauyi a kan na'urar numfashi ya kwashi maki 4 na ƙwaƙwalwa. Kiriyatinin na maikuromol a raba shi da 88.4 kafin a haɗa da na miligiram.

Ƙa'idar waje ma a gwada ta tukuna. Binciken FEAST na 2011 a Kenya, Uganda da Tanzaniya ya nuna ɗura wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri ta jijiya ya ƙara mace-mace cikin awa 48.