Ashe ba injin ne ya mutu ba

Sati biyu kenan ina fama da injin wanki na, irin hom-yus ɗin nan ne, wato na gwanjo, da maigida ya sayo min bara waccan, sai in kunna in ji yana wani gurnani zzzz kaman ƙudan zuma amma ruwa ɗis ɗis yake shiga, bayan minti kaɗan ya tsaya ya hau ƙara. Kayan makarantar yara sun taru, na koma wanki da hannu a tsakar gida, matan gidanmu na unguwar Maamobi a Accra har da masu cewa Hajiya yau an dawo cikin talakawa.

Ni dai na riga na yanke cewa ya mutu. Ƙanin maigida ne ya kawo wani dattijo mai gyara, yana zuwa ko bayan injin bai kwance ba, ya zare wuta, ya rufe famfo, ya murɗe tiyon da ruwa ke bi. A bakin wajen akwai wata 'yar rariya, faɗinta bai fi ɗan yatsa ba, ya sa filaya ya zaro ta ya miƙo min. Wallahi kunya ta kama ni, ja jawur da tsatsa da yashi har da gansakuka. Na ce Baba duk wannan daga ina? Ya ɗaga kai ya nuna min tankinmu, ya ce Hajiya yaushe rabonku da wanke shi. Na yi shiru.

Abin da rariyar ke karewa shi ne bawul ɗin shigar ruwa, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya ya kuma rufe ta. Yadda ya min bayani, akwai kwayil a jikinsa, wato waya da aka nannaɗe, in wutar lantarki mai volt 230 ta shiga sai ya zama maganaɗisu ya ja wani ɗan ƙarfe sama ya buɗe ƙaramar huda, daga nan ƙarfin ruwan da kansa ne yake ɗaga robar da ta toshe hanya. To nan ne namu ya samu matsala ta biyu. Ruwa ba kullum yake zuwa unguwarmu ba, shi yasa kowa da tankinsa, kuma namu a kan ɗan bulo yake zaune, bai kai mita 2 ba. Sai tanki ya yi tsayin wajen mita 10 kafin ƙarfin ruwansa ya kai ba 1 (ba shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), injina da yawa kuma suna son aƙalla rabin haka, kenan mita 5. In ƙarfi ya yi ƙasa robar ba ta buɗewa sosai kuma ba ta rufewa sosai, shi yasa wani lokaci da safe nake tarar da ruwa kwance cikin injin alhali a kashe ya kwana, ni kuma ina ta zargin yara.

Ya wanke rariyar da tsohon buroshin haƙori, ya auna kwayil da mita ya ce lafiya lau, babu zancen zuwa Zongo Lane, inda ake sayar da kayan gyaran lantarki, neman sabo. Da wani ne da sai ya canza ya caje ni.

Yanzu ruwa na shiga, amma a hankali, wanki ɗaya sai ya ci awa biyu. Baba ya ce ko a ɗaga tankin ko a sa ɗan injin tura ruwa. Mai gidan haya ya ce babu wanda zai taɓa masa bulo, saboda haka maganar tana wajen maigida, shi kuma ya ce in bari ƙarshen wata.